Sifika mai caji da na saya wa Mama, bayan wata goma ga abin da na gani

Tun ranar da munka fara amfani da ita a taron addu'ar gidanmu mata ke tare ni a bakin majami'a, Anti nawa kika saya, a ina, tana riƙe caji kuwa, to bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta, don amsar ta fi ƙarfin tsayuwar minti biyu cikin rana ana jiran kabu-kabu.

Irin mai taya biyu ɗin nan ce da mariƙi a baya, kana janta kamar akwatin tafiya. Bakinta inci 12, baƙa, da wasu fitilu masu launi a gaba da ke walƙiya in sauti na tashi. Ta zo da makirufo biyu marasa waya, rimot, caja, da 'yar gajeriyar waya ta jonawa da wayar hannu. Tana cin memori da filash, tana da bulutut, tana kama FM. Sunan da ke jikinta ba zan kawo ba kuma ba zai amfane ku da komai ba, don a shago ɗaya na ga guda huɗu jikinsu iri ɗaya sak, maɓallai iri ɗaya, tambarin gaba kawai anka canza. A kasuwar Zuru na saye ta layin masu kayan wuta, ya fara da dubu 95 munka sauka har ₦78,000, kafin Kirsimetin bara ke nan, wanda zai je yanzu ya riƙe ƙari a hannu.

Mai shagon dai na yaba mishi. Dattijo ne, bai yi gaggawa da ni ba, ya buɗe kwali a gabana ya jona komai ya gwada, ya ce Madam ki yi magana da kanki ki ji, ya rubuta min rasit ya ce sati biyu in wani abu ya taso in dawo. Kuma ya taso ɗin, makirufo ɗaya yana yankewa da zarar ka matsa taku biyar, na mayar kwana huɗu bayan saye ya canza min ba tare da wata gardama ba, har ya tambaye ni jikin mai jikin, don na gaya mishi saboda wa nake saye. Wanga hali ba ko'ina ake samunshi ba.

Saboda Mama na saya. Wanda ya san mu ya san ba a gari ta yi rayuwarta ba, ƙauyenmu can wajen Ribah ne a ƙasar Danko/Wasagu, kuma kowa a kudancin Kebbi ya san rashin tsaron da ya taso da mutane daga waɗannan ƙauyuka, aka bar gona aka bar rumbu aka bar majami'a a rufe. Ta dawo wurina a Rikoto ba da son ranta ba. Ta fara sabawa ke nan, ta samu ikilisiya ta shiga Zumuntar Mata na nan, sai bara da damina hawan jini ya kayar da ita, ɓarin hagu ya shanye. An gode Allah rai na nan, hankalinta garau, amma ƙafa ba ta ɗaukarta, magana kuma a hankali take fita, muryar ta yi ƙasa sosai sai ka kawo kunne kusa. Macen da ta yi sama da shekara talatin tana buga tulu a zumunta, wadda ranar Asabar ita ce ta farko da tsintsiya a majami'a, wadda a ajin karatu na coci ta koyi haɗa baƙi har ta iya karanta Littafi Mai Tsarki na Hausa da kanta, yanzu ga ta a ɗaki ranar Lahadi kowa ya fita sai ita da mai zama da ita. Abin ya tsaya min a rai. Na ce to tunda ba ta iya zuwa sujada bari in kawo mata sujadar har gado.

Bari in gama da maganar na'urar tukuna.

Sauti yana da kyau, gaskiya. Muryar mai wa'azi tana fita tas, ba ta shaƙewa, kuma a tsakar gida mai mutum arba'in rabin ƙararta ma ya isa. In ka kashe fitilun nan na gaba kuma ba ka ƙure murya ba takan kai min awa biyar zuwa shida, in kuwa an ƙure da kiɗa mai nauyi awa uku ta fara kuka. Bulutut yana kamawa da wuri, amma kar wayar ta wuce kamar mita 10, in akwai bango a tsakani ma ba ya kai haka. Memori shi ne abin da na fi jin daɗinshi, na sa ɗan ƙanwata ya loda mata karatun Sabon Alkawari da Zabura cikin Hausa da waƙoƙin zumunta, ba data ba netwok, ta danna rimot da hannun dama shi ke nan.

A jikin kwali an rubuta wat 2000 da manyan lambobi. Kar wannan ya ruɗe ku. Ƙanena mai aikin wuta ne, ranar da ya buɗe bayanta ya nuna min batirin, bolt 12 ne mai amfiya 7, irin mai nauyin nan na dalma, ya ce ki ninka 12 sau 7, 84 ke nan, iyakar abin da ke cikinshi ke nan na awa ɗaya, da a ce da gaske tana jan wat 2000 ko minti uku ba za ta yi ba batir ya mutu. Don haka in za ku saya ku bar lambar kwali, ku ce a kunna muku ku tsaya nesa ku saurara.

Abubuwan da sunka dame ni kuwa, na farko tayoyin. Roba ce ƙanana, an yi su don daɓen siminti, ba don hanyoyin unguwa na Zuru masu tsakuwa da kwazazzabai ba, wata biyu ɗaya ta tsage, tun daga nan ɗauka muke yi, kuma tana da nauyi, yaro ba ya iyawa. Sannan da ka kunna ta wata murya ce ke fara sanarwa da Turanci da iyakar ƙarfi, ba ta bin maɓallin rage murya, ga mai lafiya ba komai amma ga mara lafiya da ke kwance da asuba abin firgita ne, sai da munka koma kunna ta a waje sannan a shigo da ita. Makirufo yana cin batir ƙwarai, ƙananan nan guda biyu kowanne, in ka sa masu arha ko taro ɗaya ba sa ƙarewa, gara ka sayi masu caji sau ɗaya ka huta. Kuma in mai magana ya tsaya a gaban bakin sifikar sai ta yi wannan ƙara mai tsaga kunne, dole ya tsaya a gefe ko a baya, maɓallin eko kuma a mayar da shi ƙasa gaba ɗaya in addu'a ko karatu ake yi, in ba haka ba tsofaffi ba sa gane abin da ake faɗa. FM a cikin ɗaki sai shuu, sai an fito waje an ja eriya.

Babbar matsalar ita ce caji. Tana son awa bakwai zuwa takwas kafin ta cika, mu kuma kun san yadda wuta take, janareta kuwa tun da anka cire tallafin mai a watan Mayu 2023 ba kowane gida ke tada shi don cajin sifika ba. Akwai wurin jona bolt 12 a bayanta, wanda ke da sola ko batirin mota ya huta. Ni wurin masu cajin waya nake kaiwa a kan mashin. A wata na bakwai na yi tafiya Birnin Kebbi sati biyu, anka bar ta ba caji ko kaɗan, da na dawo ko minti ashirin ba ta yi. Ashe irin wanga batir in ya sauka ƙasa ƙwaf anka bar shi haka lalacewa yake yi. Sabo ₦14,000 na saya, ƙanena ya sa min. To ku riƙe wannan, ana gama amfani a sa caji, kar a jira ta mutu.

Shi ke nan na na'ura. Yanzu abin da ya sa na ce amsar ba ta minti biyu ba ce.

Dabarar da munka yi ita ce, ɗan ƙanwata ya tafi sujada da wayarshi ya zauna gaba, ya kira ni ta WhatsApp, ni kuma in jona tawa da sifika a ɗakin Mama. Lahadin farko ban manta ba. Tun da safe ta sa anka yi mata wanka, ta ce a ɗauko zaninta na fita da ɗankwali, anka jingine ta da matashi, Littafinta a cinya. Da muryar mai jagora ta fito ta ce mu tashi tsaye mu yi addu'a sai na ga hawaye, ni ma na yi, na ce a raina kuɗin nan bai tafi banza ba. Bidiyo bai yi mana ba, yana cin data kuma hoton na tsayawa, munka koma kiran murya kawai. Wa'azi yana zuwa lafiya in netwok bai yanke ba. Waƙa ce ba ta zuwa, don wayar tana ɗaukar muryar jama'a da ganga kamar hayaniya ce sai ta riƙa datsewa, ka ji baiti ya taso ya nutse ya sake tasowa, Mama tana ƙoƙarin bi tana ɓacewa. Duk da haka munka ci gaba.

Wajen Lahadi na shida ta ce kar a ɗauko zanin. Na bakwai ana tsakar wa'azi ta ɗaga hannu ta ce kashe. Na zaci ƙarar ce ta dame ta na rage, ta ce a'a, kashe. Da na zauna kusa da ita na ce Mama lafiya, ta daɗe kafin ta haɗa maganar, ta ce su suna can, ni ina nan. Can kuma ta ce, ba wanda ya san ko na zo ko ban zo ba.

Ranar Jibin Ubangiji, wato ranar da ake raba gurasa da ƙoƙo a majami'a don tunawa da mutuwar Yesu, ita ce ta fi min ciwo. Kun san yadda majami'a ke yin tsit lokacin da dattawa ke zagawa, ba ka jin komai sai ƙarar ƙananan kofuna a faranti da takun ƙafa. Sifikar ta kawo wannan duka, tas, har ƙarar kofunan. Fasto ya ce mu ci tare. Na dubi Mama, hannunta na dama a buɗe a kan cinya ba komai a ciki. A ranar na gane na'urar ta yi iyakar aikinta, ba ta da laifi, abin da Mama ta rasa ne ba ya bin waya.

Kuma akwai nawa kason a ciki, dole in faɗa don wani ya kiyaye. Duk wanda ya tambaye ni jikin Mama a coci sai in ce da sauƙi, ai tana bin sujada ta waya kowace Lahadi. Da wannan magana na kwantar wa mutane da hankali, masu niyyar zuwa sunka ga kamar an riga an share mata hawaye, ziyara ta ragu. Ni da kaina na sa sifika ta tare ƙofa.

Na koma na karanta Ibraniyawa 10:24 da 25, wurin da kowa ya haddace, cewa kada mu bar taruwa yadda waɗansu sunka saba. Da can ina ɗaukarshi kamar tsawa ce ga masu barcin safiyar Lahadi. Amma in ka duba ayoyin biyu tare, maganar lura da juna ake yi, a zuga juna ga ƙauna da ayyuka nagari, a ƙarfafa juna. Juna, juna. Mai sauraro ta waya yana karɓa ne kawai, ba mai ganin fuskarshi ya ce yau ba ka da walwala, shi ma ba ya ganin ta kowa. Mama ba wa'azi ta rasa ba, wa'azi na cike da memori. Ta rasa a ce ga wurinta a benci, a ce wance ta haihu a shirya a je barka, a ce Mama ki rufe mana da addu'a. Har manzo Yohanna a ƙarshen wasiƙarshi ta biyu ya ce yana da abubuwa da yawa amma ba ya so ya faɗe su da takarda da tawada, ya fi so ya zo su yi magana baki da baki don farin cikinsu ya cika. Takarda da tawada su ne wayar zamaninsu, ya yi amfani da su kuwa, ga shi muna karantawa har yau, amma bai ce sun isa ba.

Mun ɗanɗana wannan a 2020 lokacin korona da anka hana taruwa a wurare da dama, kowa ya koma rediyo da Facebook, kuma mun gode Allah da su a lokacin. Sai dai wasu tun daga nan ba su dawo daidai ba, sun saba da sujada a kwance ana danna waya, in wa'azin ya taɓa inda ke ciwo a canza zuwa wani fasto. 'Yar'uwata da ke aure a Gusau ta tuna min da Satumba 2021 da anka rufe layukan waya a Zamfara saboda matsalar tsaro, ta ce a makonnin nan wanda duk zumuncinshi na cikin waya ne ya zama shi kaɗai, labarin wa ke asibiti, wa ya rasu, wa ke neman taimako, sai a bakin majami'a ake jinshi.

Na je wurin shugabar zumuntarmu na zayyana mata komai. Ba ta yi min faɗa ba, ta ce ɗiyata ai zumunci a ƙafa yake, Alhamis muna zuwa.

Sunka zo su goma sha huɗu da anko, da tulu biyu da caki. Munka fito da Mama tsakar gida a kujera ƙarƙashin dalbejiya. Ban ma yi niyyar kunna sifikar ba, a ganina ta gama aikinta. Sunka tada waƙa daga Littafin Waƙoƙi, irin tsofaffin nan da ba a buƙatar buɗe shafi, sai na ga hannun Mama na dama yana bugun hannun kujera daidai da tulu, bai kuskure ko sau ɗaya ba. Wata ta matso mata da tulun kan cinya ta riƙe mata, ta buga da hannu ɗaya. Da anka zo rufewa shugaba ta ce Mama ce za ta yi mana addu'a, Mama ta fara amma ko na kusa ba sa ji, a nan ne na ruga na ɗauko sifikar na riƙe mata makirufo a baki. Jama'a, muryar da wata biyar ba wanda ya ji sai mu na ɗaki ta cika gidan. A hankali take, kalma na jan kalma, wani wurin sai ta tsaya ta huta, amma ba wanda ya motsa. Ta yi wa ƙauyenmu addu'a, ta kira sunayen gidajen da sunka watse ɗaya bayan ɗaya, wasu na Zuru wasu Kontagora wasu Yawuri, ta roƙa wa waɗanda sunka kore mu tuba. Da ta ce cikin sunan Yesu, amin ɗin da mata sunka amsa sai da maƙwabta sunka leƙo.

Tun daga ranar aikin sifikar ya juya. Da tana kawo muryar jama'a wurin Mama, yanzu tana kai muryar Mama wurin jama'a, kuma a wannan aikin na ba ta maki cikakke.

Taron ya zama na kowace Alhamis ƙarfe huɗu. Ba mu shirya ya girma ba. Maƙwabciyata 'yar Katolika ce ta fara shigowa, sai wani tsoho ɗan Baptis da ciwon gwiwa ya hana shi nisa, sai 'yan cocin ECWA da na UMCA na layinmu, a Zuru ai duk muna cakuɗe gida ɗaya ma sai ka samu coci uku. Ba mu taɓa abin da ya raba mu, karatu ne da waƙa da addu'a cikin Hausa, harshen da ya haɗa mu ko da kowa na da na gidansu, tun 1932 da anka fara buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa kakanninmu ke sujada da shi. Ikilisiya a cikin gida kuma ba sabon abu ba ne, Bulus ya gaida wadda ke taruwa a gidan Biriskila da Akila a Romawa 16, ya gaida ta gidan Filimon. Amma Baba Fasto ya ja mana kunne tun farko kuma na yarda da shi, ya ce wannan ba madadin Lahadi ba ne, mai ƙafa ya zo majami'a. Shi da dattawa biyu suna zuwa sau ɗaya a wata su ba Mama da tsohon nan Jibin Ubangiji, hannunta ba ya zama a buɗe ba komai kuma.

Abin da ban zata ba shi ne mutanen ƙauyuka. Akwai waɗanda tun da sunka gudo gari ba su taka coci ba, ba don sun bar bangaskiya ba, kunya ce. Mutumin da a ƙauye shi ne mai kawo buhun dawa ranar godiyar kaka yanzu ba shi da naira ɗari ta baiko, riga ɗaya gare shi, ya shiga babbar majami'ar gari kowa ya sha ado, sai ya gwammace ya zauna gida. Amma tsakar gida a kan tabarma wurin tsohuwar da sunka sani tun suna yara, wannan suna iyawa. Sunka fara zuwa ɗaya ɗaya. A nan munka ji wata gwauruwa da 'ya'ya biyar kwana biyu ba a ɗora tukunya ba, ba ita ta faɗa ba, wadda ta zauna kusa da ita ce ta lura yaron da ke bayanta ko kuka ba ya iyawa. Sati na gaba kowa ya zo da mudu ɗaya, mai dawa mai masara mai wake. Wane kiran waya ne zai nuna maka wannan? Yanzu huɗu daga cikinsu sun koma sujadar Lahadi, tare muke tafiya don kar su shiga su kaɗai.

Wata magana ga duk mai sayen irin wagga sifika, don Allah ƙararta ba ta gwada ƙarfi ba ce. Muna zaune da maƙwabta Musulmi shekara da shekaru, Hajiyar da ke bayan gidanmu ita ke aro mana tabarmi biyu da benci duk Alhamis, ta kan aiko wa Mama da kunu. Muna juya bakin sifikar ya kalli ɗaki, murya daidai tsakar gida, kuma kafin kiran magariba mun tashi. Ba wanda ya sa mu, mu munka ga ya dace. Na sha jin inda mutum biyar ke taro amma sifika na kaiwa layi uku, wannan ba ya jawo kowa ga Ubangiji, haushi kawai yake tarawa.

Lahadin farko na kowane wata kuma matasa huɗu ke zuwa da keke napep. Su ɗauke ta da kujerarta su sa, a bakin majami'a akwai matakala uku su sake ɗagawa. Ranar farko wani cikinsu ya ce Kaka yau mun zama mutanen Kafarnahum, saura mu buɗe rufi, yana nufin labarin nan na Markus 2 inda mutum huɗu sunka kawo shanyayye wurin Yesu, Mama ta yi dariyar da rabona da ji tun kafin ciwon. Tana gajiya, in mun dawo sai ta kwana biyu tana hutawa, shi ya sa ba ma yi kowane mako. Amma tun daren Asabar take sa a fito da zanin. Sauran Lahadin muna jona wayar kamar da, yanzu kuma tana saurara har ƙarshe, don ta san wa ke zaune a wane benci, ta ji sanarwa ta ce a je a gaida wance, kuma bayan an tashi ba a rasa mutum biyu uku da ke biyowa su ba ta labari.

To ga masu tambaya ko su saya. In kuna da ƙaramin taro, addu'ar gida, ajin makarantar Lahadi a ƙarƙashin itace, fitar bishara, zaman makoki, ko ƙaramar majami'a da ba ta iya sayen mai, ta cancanci kuɗinta, ku dai kula da batir ku sayi na makirufo masu caji, kar ku dogara da tayoyin. In kuwa don tsoho ko mara lafiya ne ya riƙa jin karatu da waƙa a ɗaki kawai, ba kwa buƙatar wannan babbar, ƙaramar rediyo mai cin memori ta isa kuma ba ta kai kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin ba, ragowar ku zuba a kuɗin keke napep a riƙa kai shi cikin jama'a, ko ku sayi tabarmi ku kira jama'ar su zo.

Tamu yanzu ba ta kwana wuri ɗaya, ranar Talata tana gidan wani dattijo da ido ya mutu a can wajen Senchi, mutanen layinsu sun fara nasu taron, Laraba da yamma a dawo mana da ita a sa caji. Alhamis ɗin nan muna Ayyukan Manzanni sura 2 daga aya 42, Mama ce ta zaɓa. Mai zuwa ya taho da kujera ko tabarmarshi, namu sun daina isa.